Baƙin 'Ya'yan Midwich

Cikin shekara ta 1957 wani kamfanin buga littattafai na Landan, mai suna Michael Joseph, ya fid da wani ƙagaggen labari wanda a ke kira The Midwich Cuckoos. Mawallafinsa John Wyndham ne, mutumin Ingila, a lokacin yana da shekara 54. Littafin ba shi da girma, mutum ya iya karance shi cikin dare biyu. Amma daga ran da ya fito zuwa 2022 an yi fim uku a kansa, an kuma yi shi wasan talabijin, ban da na rediyo. Abin lura kuwa shi ne, duk cikin waɗanda suka ɗauki labarin nan babu wanda ya bar tsohon da ke cikinsa da yaran yadda mai littafi ya ajiye su. Kowa ya zo sai ya taɓa wurin. Ba a gane dalilin wannan taɓe-taɓe sai an san abin da ke cikin littafin, da zamanin da aka rubuta shi.

Sunan littafin kansa daga tsuntsu aka samo shi. Akwai wani tsuntsu da Turawa ke kira kuku, saboda haka kukansa ya ke. Yakan yi damunarsa a Turai, in sanyi ya gabato ya ƙetaro hamada zuwa Afirka. Macen ba ta yin sheƙa. Sai ta faki idon wata ƙaramar tsuntsuwa, ta saka ƙwai guda cikin sheƙarta, ta yi tafiyarta. In ɗan ya ƙyanƙyashe, tun bai buɗe ido ba sai ya ture ƙwayayen masu gida ƙasa, ya zauna shi kaɗai, masu sheƙa na ta wahalar ci da shi har ya fi su girma. Wanda ya taɓa sa wa kaza ƙwan zabi ya san rabin zancen, sai dai 'yan zabi ba su kashe 'yan tsaki. Midwich kuwa sunan wani ƙauye ne na ƙage. Watau ma'anar sunan, baƙin 'ya'yan da aka saka wa mutanen Midwich.

An haifi Wyndham cikin 1903 a Warwickshire. Ya gwada noma, ya gwada aikin lauya, ya gwada talla, babu inda ya zauna. Daga 1931 ya shiga sayar da gajerun labarai ga mujallun Amurka masu araha, irin na tafiya duniyar taurari. Da yaƙin Hitler ya tashi ya yi aikin tace wasiƙu, daga baya ya shiga soja wajen masu aika saƙo, har ya ƙetare zuwa Faransa cikin 1944. Sunansa bai fito ba sai 1951, sa'ad da ya buga The Day of the Triffids. Dabararsa ɗaya ce, ba ya kuwa sāke ta: ya ɗauko abin tsoro ya ajiye shi tsakiyar mutanen Ingila masu natsuwa, masu shan shayi ƙarfe huɗu, sa'an nan ya koma gefe ya ga yadda za su yi.

Abin tsoron da ya ɗauko a wannan karo, watau ikon zuciya a kan zuciya, ba shi ya fara zancensa ba. Tun cikin 1882 waɗansu malamai suka kafa ƙungiya a Landan don su bincika ko mutum ya iya sanin abin da ke zuciyar wani ba tare da magana ko alama ba. Ɗaya daga cikinsu, Frederic Myers, shi ya raɗa wa abin suna daga harshen Yunanawa, ma'anarsa jin abu daga nesa. Daga baya wani malami a jami'ar Duke ta Amurka, J. B. Rhine, ya ce zai auna shi da lissafi. Ya sa aka yi kati 25 masu alama iri biyar: da'ira, da gicciye, da igiyar ruwa, da murabba'i, da tauraro. Wani ya dubi kati, wani ya faɗi abin da ke jiki bai gani ba. Mai cinta kawai yakan dace sau 5 cikin 25. Rhine ya buga littafi cikin 1934 ya ce ya sami mutanen da ke wuce haka nesa. Da waɗansu jami'o'i suka maimaita gwajin, suka toshe duk wata kafar leƙe da kuskuren ƙidaya, sai abin ya ɓace. Malaman kimiyya suka juya masa baya, amma marubutan labari suka ce da wa Allah ya haɗa mu. Daga 1935 zuwa 1955 littattafai suka yi ta fitowa a kan mutane masu irin wannan baiwa, kuma galibinsu bayan masu baiwar su ke bi. Wyndham kansa haka ya yi cikin The Chrysalids na 1955, inda yara masu magana da zuci su ne abin tausayi, iyayensu ke farautarsu. Shekara biyu bayan wannan sai ya juya tabarma, ya tsaya wajen iyaye.

Ga yadda labarin ya ke. Daren 26 ga Satumba duk mai rai a Midwich ya faɗi ya sume, mutane da shanu da tsuntsaye. Kowa ya ƙetare wata iyaka da ba a gani, mai faɗin mil biyu, shi ma sai ya zube. Soja suka zo suka riƙa miƙa kanari cikin keji a kan dogon sanda, inda ya faɗi nan ne iyaka. Jirgin sama ya ɗauki hoto daga bisa, aka ga wani abu mai ƙyalli kamar azurfa a tsakiyar ƙauyen. Bayan kwana guda abin ya tafi, mutane suka farka, sai 'yan kaɗan da sanyi ko gobara ta halaka. Aka ce an rabu da ƙaya.

Ashe ba a rabu ba. Bayan 'yan watanni sai ya bayyana duk macen da ta isa haihuwa a ƙauyen tana da ciki, da matan aure, da 'yan mata, da zawarawa. Kowace tana ɓoyewa, tana zaton ita kaɗai ce, waɗansu har suka nemi su kashe kansu don kunya. Likitan ƙauye da limamin coci suka haɗa abin da kowa ya ji, suka gane. Aka tara matan, Angela matar Gordon Zellaby ta tsaya ta faɗa musu gaskiya, aka ƙulla a rufa wa juna asiri kada 'yan jarida su ji. Aka haifi yara 61, maza 31, mata 30. Duk kamarsu ɗaya, gashi fari-fari, idanu kamar zinariya, babu wanda ya ɗauko uwarsa.

Tun suna cikin zanen goyo ikonsu ya fara nunawa. Matan da suka bar ƙauyen da jariransu suka ji wani abu ya tilasta su komowa. Wata ta soki ɗanta da fil bisa kuskure, sai aka tarad da ita tana ta soka wa kanta fil ɗin, ta kasa bari. Zellaby, wani tsoho mai ilmin falsafa, mai yawan magana, shi ya gano asirinsu ta wata 'yar dabara. Ya sami ɗan akwati mai wuyar buɗewa ya sa alewa ciki, ya koya wa yaro guda buɗe shi. Nan take duk sauran mazan suka iya, ko da ya ke ba su gani ba. Matan kuwa ba su iya ba, sai da aka koya wa ɗayarsu. Watau yaran nan zuciya biyu ce kurum gare su, ɗaya ta maza, ɗaya ta mata, ta rabu cikin jikuna da yawa.

Da suka shekara tara sai ka ce 'yan shekara goma sha shida. Gwamnati ta tara su a wani babban gida ana koya musu karatu. Ran nan wani saurayi ya buge ɗayansu da mota, ba da gangan ba, sai suka sa shi ya tuƙa motar ya daki bango ya mutu. Ɗan'uwansa ya ɗauko bindiga don ramuwa, suka sa ya harbe kansa. Mutanen ƙauye suka fusata suka tasam ma gidan za su sa wuta, yaran suka juya su, suka far wa juna, aka yi gawawwaki. Kotu kuwa ba ta da abin cewa, gama babu wanda ya ga yaro ya ɗaga hannu.

Nan ne littafin ya kai inda mai shi ya nufa. Wani hafsan leƙen asiri, Kanar Westcott, ya bayyana cewa ba Midwich kaɗai abin ya auku ba. A arewacin Ostiraliya jariran sun mutu. A wani tsibiri na arewacin Kanada mutanen wurin sun yashe su cikin sanyi. A wajen iyakar Mongoliya an kashe su har da uwayen. A Rasha kuwa, a wani gari wai shi Gizhinsk, gwamnati ta rene su don ta amfana da su, da ta ga sun fi ƙarfinta sai ta harba wa garin harsashin ƙare-dangi daga nesa, ta shafe shi duk da mutanen da ke ciki, ba ta yi wa kowa gargaɗi ba. To, Ingila fa? Yaran da kansu suka faɗa wa Westcott cewa sun san gwamnatinsa ba ta iyawa. Ƙasa ce mai majalisa da jaridu da zaɓe, dokarta ta hana kashe yaro, duk jam'iyyar da ta yi haka ta faɗi. Suka ce su da 'yan Adam iri biyu ne, duniya ba ta ɗaukarsu tare, babu ƙiyayya a ciki. Suka nemi a ba su jirgin sama ya kai su wani wuri nesa, inda za su girma ba mai taɓa su.

Mai karatu na 1957 bai ɗauki wannan da wasa ba. Amurka ta riga ta gwada irin igwar nan cikin 1953. A watan Mayu na 1957 Ingila ta gwada babban bom nata a tekun Pasifik. Yaƙin Suez na 1956 ya nuna wa Ingilishi ƙarfinsu ya ragu. Kuma ƙauyawa da yawa suna tune da Satumba na 1939, sa'ad da aka kwashe mutum wajen miliyan ɗaya da rabi daga birane cikin 'yan kwanaki, yawancinsu yara, aka rarraba su gidajen da ba su san su ba. Baƙon yaro a ɗaki ba sabon abu ba ne gare su.

Wyndham bai bar wa gwamnati aikin ba, ya ɗora shi kan tsoho guda. Duk ƙauyen Zellaby kaɗai yaran suka amince wa. Shi ke koya musu, shi ke kawo musu alewa, shi ke nuna musu majigi. Likita ya riga ya gaya masa zuciyarsa ba ta kai shi nisa. Wani dare ya ce zai nuna musu hotunan tsibiran Yunanawa. Yaran suka fito da murna, suka taya shi ɗaukar akwatuna zuwa ciki da hannunsu. Nakiya ce a ciki. Ba da jimawa ba aka ga haske, tagogin ƙauye suka farfashe. Abin da ya kamata a riƙe shi ne, cikin littafi yaran suna iya tilasta mutum, amma ba su karanta abin da ke zuciyarsa. Abin da ya ba Zellaby hanya, amincewar da suka yi masa ce. Ya ci amanar yara masu sonsa, ya mutu tare da su, mai littafi kuwa bai wanke shi ba, bai kuma la'ance shi ba. Wannan shi ne ƙashin da ya tsaya wa masu sinima a wuya.

Kamfanin MGM ya sayi labarin tun 1957, da niyyar a yi fim a Amurka, Ronald Colman ya fito a Zellaby. Aka yi ta jan ƙafa, har Colman ya rasu cikin 1958. Daga baya aka mai da aikin Ingila don a rage kuɗi, aka ba George Sanders wurin. Wani abin mamaki, Sanders ɗin nan shi ne ya auri matar da Colman ya bari, cikin 1959. Wanda ya bi da aikin Wolf Rilla ne, haifaffen Berlin, wanda iyayensa suka gudo da shi daga mulkin Hitler yana yaro. Aka ɗauki hotunan a wani ƙauye wai shi Letchmore Heath, arewa da Landan. Fim ɗin ya fito cikin 1960 da sunan Village of the Damned, baƙi da fari, minti 77. Kuɗi kaɗan aka kashe, riba mai yawa aka ci.

Sunan kansa ya riga ya yanke hukunci, gama ma'anarsa ƙauyen la'anannu. An bar zancen tsuntsu da sheƙa, an koma zancen shaiɗanu. Aka rage yaran zuwa 12, aka mai da su zuciya ɗaya, aka sa musu hular farin gashi, idanunsu na haske in za su yi ɓarna. Aka ba su shugaba, David, aka ce matar Zellaby ce ta haife shi, don abin ya zama tsakanin uba da ɗan da ya tashi a ɗakinsa. Babban canji kuwa shi ne an ba su ikon karanta zuciya. Saboda haka da Zellaby ya shigo aji da bom cikin jaka, ya saita shi ƙarfe takwas da rabi, sai ya cika zuciyarsa da tunanin katangar tubali. Yaran suka zuba masa ido suna rushe katangar, tubali na zubowa ɗaya ɗaya, agogo na tafiya. Suka hango bom ɗin daidai sa'ad da ya tashi.

Gaskiya wurin nan ya yi kyau ƙwarai, duk wanda ya gani ba ya mantawa, ya ma fi duk abin da ke cikin littafin kama ido. Amma a duba abin da ya yi wa labarin. Kisan amana ya koma kokawa, ƙarfi da ƙarfi, tsoho guda da mayu goma sha biyu. Mai kallo yana addu'a katanga ta tsaya, ya fita sinima zuciyarsa fari. Mai karatu bai sami wannan sauƙi ba.

Ganin riba, MGM ta sake yin wani, Children of the Damned, ya fito cikin 1964. Wanda ya rubuta shi John Briley ne, wanda daga baya ya rubuta fim ɗin Gandhi. Shi bai bi littafin ba sam, ya ɗauki yaran kawai ya kife zancen. Wannan bayan rikicin Kuba ne na 1962, sa'ad da duniya ta kusa ƙonewa. Yara shida ne marasa uba, daga Ingila, da Amurka, da Rasha, da Sin, da Indiya, da Nijeriya. Aka kawo su Landan don a auna hankalinsu, kowace gwamnati na ƙoƙarin ta riƙe nata ta yi makami da shi. Yaran suka gudu suka ɓuya cikin wani kangon coci. Ba su taɓa kowa sai wanda ya fara taɓa su. Soja suka kewaye wurin, manya suka fara saukowa za a yi sulhu, sai wani sukundireba ya gangaro ya taɓa na'urar ba da alama, aka buɗe wuta. Nan laifi ya koma kan manya ɗungum, kisan kuwa aka ɗora wa tsautsayi, babu hannun da za a nuna.

Shekara 31 bayan wannan John Carpenter ya maimaita fim na 1960, ya kai Midwich bakin teku a Kalifoniya. Christopher Reeve ya fito a likitan gari. Fim ɗin ya fito a watan Afrilu na 1995, a watan Mayu Reeve ya faɗo daga doki ya shanye. A zamanin Wyndham zub da ciki laifi ne a Ingila, sai 1967 aka sassauta dokar, don haka bai sha wuyar bayyana dalilin da ya sa aka haifi yaran ba. Carpenter kuwa tilas ya nemi dalili: gwamnati ta yi wa matan alkawarin kuɗi kowane wata, aka kuma sa suka yi mafarki iri ɗaya. Mata goma suka haihu, biyar maza biyar mata, kowane da abokiyarsa, amma ɗaya ta zo babu rai. Yaron da ya rasa tasa, David, rashin ya koya masa tausayi. Katangar tubali ta komo, bom ya komo, sai dai kafin ya tashi uwar David ta sace shi ta gudu da shi a mota. Watau an raba yaran, an kashe miyagu an tsirad da nagari. An zub da jini fiye da na dā, amma fim ɗin bai karɓu ba, abin da ya samu a Amurka bai kai rabin abin da aka kashe ba.

Na talabijin ya zo cikin 2022, kashi bakwai, kamfanin Sky ya yi, David Farr ya rubuta, aka mai da sunan littafin. Shi ya gyara wani wuri da aka daɗe ana zargin Wyndham a kai. Cikin littafi namiji ke ba da labari, maza ke zama a falo suna muhawara, matan da abin ya faɗa wa jikinsu kuwa ba a cika jin bakinsu ba. Farr ya mai da Zellaby mace, likitar hankalin yara, Keeley Hawes ta fito a ita, 'yarta na cikin waɗanda suka haihu. Ya kuma cire hular farin gashi. Yaran sun yi kama da uwayensu, baƙi da farare, kamar 'ya'yan kowa. Wannan ya ƙara wa labarin zafi ta wani gefe, gama uwa ba ta iya duban ɗanta ta ce na waje ne, kuma wadda za ta yanke shawara kaka ce. Sai dai labarin da ya isa dare biyu an ja shi sa'a bakwai, ya yi ruwa a tsakiya.

Fim biyu na farko kaɗai aka yi Wyndham na da rai. Ya yi aure cikin 1963, yana da shekara 60, ya koma zama kusa da Petersfield, can ya rasu a watan Maris na 1969. Shi ma ya so ya koma wa labarin. Ya fara rubuta ci gabansa, ya sa masa suna Midwich Main, ya yi 'yan babi kaɗan ya ajiye, bai ƙara komawa kansa ba. Takardunsa suna jami'ar Liverpool.